Tela Ya Ƙi Tashi

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Tela ya ce ba zai tashi ba.

Jiya da yamma na sauka na same shi a shago, yana kan keke, allurai biyu a bakinsa. Shekara huɗu ke nan yana haya a ƙasan gidana, shago a gaba, ɗakuna biyu a baya, shi da matarsa da 'yan matansa biyu da mahaifiyarsa wadda ba ta iya tafiya. Mu muna saman benen. Ba mu taɓa sa-in-sa ba, hayar bana ma tuni ya biya. Na ce masa ina so ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata, zan yi gyara. Ya zare alluran daga baki ɗaya bayan ɗaya.

"Gyaran me, Maigida?"

"Gyara dai."

"To a yi muna ciki mana. Ƙura ba ta kisa."

Na ce ba zai yiwu ba. Ya kalle ni ya ce, "Wa ya zo ya yi maka tayi?" Na rantse masa ba kowa. Ya ce haka aka rantse wa mai askin layin baya, bayan wata biyu aka buɗe kantin waya a shagonsa. Ya mayar da ƙafa kan keke ya ci gaba da ɗinki, ina tsaye.

Littafin nan na 'yata Auta ne, ta bar shi rabi ba rubutu. Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa na ɗauka.

Akwai lungu a bayan gidan, ni kaɗai ke da makullinsa. Da safen nan na shiga na duba tsagar da ke bango, wadda ta taso daga gindin ginshiƙi. Tsinken ashana yana shiga. Watan jiya ba ya shiga.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na rufe shagon tayata na tafi ofishin 'yar yayata. Tun da ta zama lauya ni ma Lauya nake ce mata, ita kuwa har yau in na shiga sai ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce mata ina da ɗan hayan da ya ƙi fita, mene ne hanya mafi sauri.

"Kawu, yana da bashin haya?"

"A'a."

"Ya lalata wani abu? Yana tara mutanen banza? Maƙwabta na kuka da shi?"

"A'a. Mutumin kirki ne."

Ta ajiye biro. Ta ce tunda hayar shekara yake yi, sai an ba shi notis a rubuce na wata shida. In sun cika bai fita ba, a sake ba shi na kwana bakwai. In ya ƙi, sai kotu, a kai masa sammaci, alƙali ya saurari kowa. Ko alƙali ya ce ya fita, ba ni zan fitar da shi ba, ma'aikatan kotu ne. Na ce duka zai kai yaushe. Ta ce in Allah ya taimaka, shekara.

Na ce babu wata hanya?

"Akwai sulhu, in ya yarda. Amma Kawu, don Allah ka saurare ni. Kada ka canza masa kwaɗo. Kada ka yanke masa wuta ko ruwa. Kada ka taɓa kayansa, kada ka turo masa kowa. Ranar da ka yi ɗaya daga ciki, kai za a tsayar gaban alƙali, ba shi ba."

Da zan fita ta ce, "Wai me ya yi zafi haka?" Na ce gyara zan yi. Ta ce to.

Alhamis, 5 ga wata, bayan la'asar

Magatakardan Lauya ya kawo notis. Tela ya ƙi karɓa, aka liƙa a ƙofar shago aka ɗauki hoto. Mutanen layi suna leƙe. Ƙaramar 'yarsa, wadda kullum take rugowa ta karɓi ledata, yau uwarta ta janye ta ciki.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe shida na safe

An yi ruwa jiya tun daga azahar. Damina ta sauka ke nan.

Tsinken ashana biyu a haɗe.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Dogo, maƙwabcina a kasuwa, ya ce na cika sanyi. Wai shi da ɗan hayarsa ya yi masa taurin kai, kwanon rufi uku ya sa aka ɓalle, kafin la'asar mutum ya ɗaure kayansa. Na ce nawa ɗan hayar ba kwano a kansa, ni ne rufinsa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce to a ɓalle ni. Ya ce ya san wasu samari, ba duka za su yi ba, tsayuwa kawai za su yi a ƙofar shago kwana biyu. Na ce a'a. Amma na karɓi lambar. Tana cikin aljihun rigata, ban san me ya sa ban yar ba.

Da na dawo na tarar da Tela yana kankare gefen ƙyauren shagonsa. Ya ce da matarsa, da ƙarfi don in ji, "Damina ce, katako ya kumbura. Irin wannan ne babban gyaran da za a kore mu a kai."

Ba katakon ba ne. Na wuce na hau sama.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je na ɗauko Baba Magini a babur. Shi ya gina mini ƙasan gidan shekara ashirin da suka wuce. Saman ba shi ya yi ba. Yanzu ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari, amma da na buɗe lungun bai ko ƙarasa ciki ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya kalli benen, ya sauke ya kalli gindin ginshiƙi.

Na ce, "Baba, in an zuba siminti an cike fa?"

"Ka cike me? Ciwon yana ciki."

"In an tokare da ƙarfe?"

Ya ce, "Ɗana, ranar da ka zo mini da maganar ɗora bene, me na ce maka?"

Ba zan rubuta abin da ya ce ran nan ba. Na tuna shi sarai.

Ya tambaya me ke can ƙololuwa, na ce tankunan ruwa biyu. Ya ce in zubar da su yau, kada in kai gobe. Ya tambaya wa ke kwana a ɗakin da ke jikin bangon nan. Da na faɗa masa, sai ya ce in mayar da shi gida. Na ce ya tsaya ya sha ruwa a sama. Ya ce ba zai taka matakalar nan ba.

A hanya na tambaye shi zai kai ƙarshen damina. Ya ce shi magini ne, ba ya duba.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na zubar da tankunan, na kashe injin da ke tura ruwa sama. Yanzu babu ruwa a famfon kowa, ni da su.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Matar Tela ta hau sama da bokiti, ta yi sallama, ta ce wa uwar yarana, "Yaya, ko kuna da ragowa? Inna ta ɓata shimfiɗa." Ina ɗaki ina ji. Uwar yara ta juye mata na randa duka. Ba ta shigo ta yi mini magana ba, abinci ma Auta ta aiko da shi.

Lauya ta bugo waya. Tela ya samu lauya a ofishin da ke taimakon marasa hali, an kira ta an ce na yanke ruwa don in kore shi.

"Kawu, me na ce maka? Da bakina na lissafa maka!"

Na ce tanki ne ke yoyo. Ta ce in gyara yau. Na ce to. Na sa mai kurar ruwa yana kawo musu jarka shida safe da yamma, Tela ya karɓa don dole, ko kallona bai yi ba.

Ya ɗauka mugunta ce. Gara ya ɗauka mugunta ce.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na ce wa uwar yara ta ɗauki Auta su je gidan Yaya, babbar yayata, su kwana biyu, tunda babu ruwa. Ta haɗa kaya ba musu. A kan matakala ta tsaya, ta bar Auta ta yi gaba.

"Baban Auta, ƙofar kicin ta daina rufuwa. In na zubar da ruwa a ƙasa, gefe guda yake gangarawa. Ni ba yarinya ba ce."

Na miƙa mata jakarta.

"Ka fitar da naka ke nan. Na mutane fa?"

Na ce ai ina ƙoƙari, ga notis, ga lauya. Ta ce, "Notis." Haka kawai ta ce. Ta ce in biyo su. Na ce ni zan zauna. Ta sauka tana riƙe da bango, sai kuma ta janye hannunta da sauri kamar ta taɓa wuta.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ruwa. Ɗan yatsana ƙarami ya shiga har gaɓa ta farko.

Lahadi, ƙarfe bakwai na yamma

Gidan ba kowa sai ni, kuma komai ina ji daga ƙasa. Keken Tela, 'yan matan suna faɗa a kan fensir, tarin tsohuwa. In keke ya tsaya sai in kasa kunne. Na koma tafiya ba takalmi, a hankali, kamar nauyina ne zai ƙarasa abin. Na ja gadona da kabad zuwa ɗakin gaba. Na san wauta ce.

Na yaga lambar da Dogo ya ba ni. Bayan na yaga na zauna ina tunanin da na kira, da yanzu sun fita da ransu, ni kuma ina ofishin 'yan sanda. Wanne ya fi? Wallahi ban sani ba.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

An yi zaman sulhu a wani ƙaramin ɗaki cikin kotu. Mai sulhun dattijuwa ce mai tabarau, ta ce kowa ya faɗi nasa ba katsewa. Na ce zan mayar masa da hayar bana gaba ɗaya, in biya motar kwasar kaya, in ya fita cikin mako guda. Lauya ta juyo ta kalle ni, don ban gaya mata zan faɗi haka ba.

Tela ya ce ba maganar kuɗi ba ce. Ya ce sau biyu a mako ake yi wa mahaifiyarsa wankin ƙoda, kuma daga ƙofar gidana zuwa asibitin, a keken guragu yake tura ta, minti goma. Ya zaga unguwar kaf tun ranar da aka liƙa takarda. Ɗakin ƙasa babu, sai na bene, wa zai riƙa hawa da ita? Na nesa kuma, in aka sa ta a mota amai take yi har ta suma. Ya ce, "Hajiya, ni ba taurin kai nake yi ba. Ya nuna mini inda zan kai ta."

Mai sulhu ta dube ni ta saman tabarau. "Malam, wane irin gyara ne da ba zai jira ba?"

Na ji kaina ina cewa, "Fenti ne, da su filasta."

Tela ya yi dariya, ba ta jin daɗi ba. An tashi a kan zai fita nan da wata uku in ya samu wuri. Lauya ta ce na ci riba, wata uku maimakon shekara. Wata uku shi ne daminar duka.

Laraba, 18 ga wata, bayan azahar

Fenti. Na ce fenti.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Tela ya tafi kasuwa sayen zare. Ina wucewa matarsa ta ce, idonta a ƙasa, Inna na kirana.

Rabona da ɗakin tun kafin su shigo. Gadonta yana jikin bangon baya, daidai inda na sa aka buga allunan katako daga ƙasa har sama aka shafa shuɗin fenti. Tela ya kafa ƙusoshi a jiki ya rataye mata carbi da ledar magani. Ta rame sosai, hannunta duk tabon allura.

"Ɗan nan, zauna. Ka rame."

Na ce aiki ne, Inna.

Ta shafa bargonta, ta buɗe mini tafin hannu. Yashi ne. Ta ce kullum da safe sai ta kakkaɓe, ba ta gaya wa ɗanta ba, yana da abin da ya ishe shi. Ta ce mai kwanciya yini guda yana jin abin da masu tafiya ba sa ji. Wai in rana ta take bayan an yi ruwa, bangon yana ƙara a hankali, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara.

"Ɓeraye ne ko?" in ji ta, tana kallona.

Na ce wataƙila.

"To. Ni dai ka san ba na iya gudu. Yaran nan kuma in sun dawo makaranta nan suke zama wurina."

Ta ce in gaida uwar yara. Na fito na hau sama.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa Lauya. Ba a ofis ba, a cikin motarta, gilashi a rufe. Na gaya mata na tsagar, da na Baba Magini, da wanda na ɗauko ya ɗora benen bayan Baba ya ƙi, da takardar izinin da ban taɓa nema ba. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu har na gama.

"Kawu, ka sa na rubuta notis na wata shida a kan wannan? Ka zaunar da ni gaban mai sulhu ka ce fenti?"

Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba. Sai kuma ta yi kuka, ta ce Auta a nan take kwana har makon jiya, ita ma ta sha kwana.

Da ta natsu ta ce akwai hanyar da ba ta bi ta notis ba. Hukumar kula da gine-gine. In suka zo suka ga gini na da haɗari, a ranar suke fitar da kowa, babu mai musu da su. Na ce na sani. Tun ranar farko na sani.

Na ce, "Gidan fa?"

"Za su rushe shi. Wataƙila saman kawai, amma kada ka sa rai. Kuma za su tuhume ka. Tara tabbas, abin da ya fi tara kuma zan tsaya maka iya ƙarfina." Ta share ido. "In kuwa ya faɗi da mutum a ciki, Kawu, babu lauyan da zai iya maka komai. Ni ma ba zan zo ba."

Ta ce yau sun tashi, sai Litinin. Kafin nan in gaya wa Tela gaskiya ya fitar da iyalinsa.

Shekara talatin ina mirgina taya kafin gidan nan ya tsaya. Ba ni da wani.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na je. Na tsaya a ƙofar shago na ce, "Tela, bangon baya ya tsage. Gidan zai iya faɗuwa. Ka fitar da su yau."

Akwai mutum biyu suna jiran ɗinki. Tela ya ce musu, "Kun ji sabuwa. Da gyara ne, sai tanki, sai fenti, yau kuma gida zai faɗi." Ya ce in gidan zai faɗi me nake yi a sama? Na ce ya zo lungu in nuna masa. Ya ce lauyansa ya hana shi keɓewa da ni. Na ce to ya ɓalle katako ɗaya a ɗakin Inna ya gani da idonsa. Ya ce, "Don ka ce na lalata maka gida, ka samu abin kai wa alƙali? Maigida, ni tela ne amma ba wawa ba ne."

Na roƙe shi. Na ce ko gadonta ya matsar zuwa shago. Ya tashi ya rufe ƙyauren a fuskata, ƙyauren ya ƙi rufuwa, ya sa kafaɗa.

Na yi ƙarya sau uku, ta huɗun da ba ƙarya ba ce ta ƙi shiga. Laifin wa?

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Ina zaune a dakalin mai shayi, tsallaken titi, ina kallon gidana. Allah ka riƙe ruwan nan. Allah ka riƙe shi zuwa gobe.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Iska ta kore shi, yayyafi kawai aka yi. Matar Tela ta aiko babbar 'yarta ta ce mini sun kwana a shago jiya, ita da yaran. Inna ce ta ƙi a ɗaga ta, wai kada ɗanta ya ga kamar an bi bayan maigida.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ƙarfe takwas muna ƙofar hukumar ni da Lauya. Ma'aikacin ya ce ƙarar gidan wa na kawo. Na ce nawa. Ya ɗago ya sake tambaya.

Kafin azahar injiniya ta zo da mutum uku da 'yan sanda biyu. Na ba ta makullin lungu. Minti biyu ta yi a ciki, ta fito da sauri tana cewa a fitar da kowa, a tare titi. Tela ya fito da almakashi a hannu yana ihu, wai na sayi hukuma. Ba ta yi gardama da shi ba. Ta ja shi ɗakin Inna, ta sa aka zura ƙarfe aka ɓalle katako ɗaya.

Ina bakin ƙofa. Yashi ya zubo kamar an kwance buhu. Ta cikin tsagar ana ganin hasken lungu, da rodi guda ɗaya siriri, ya yi tsatsa ya lanƙwashe. Tela ya tsaya. Almakashin ya faɗi.

Keken guragun yana shago an tara kaya a kai, ba lokacin nema. Tela ya kama katifar Inna ta wajen ƙafa, ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kama ta wajen kai." Muka fito da ita a kan katifa, ba ta da nauyi ko kaɗan. Tana ta cewa a ɗauko mata ledar magani. Injiniya ta ba da minti ashirin a kwashe abin da za a iya. Mutanen layi suka taya, aka fito da kekunan ɗinki biyu da kayan mutane. Ni ban hau sama ba, littafin nan ma yana aljihuna ne.

Sun shafa jan fenti a ƙofa, sun zagaye gidan da igiya.

Mai kantin magani ya ba su ɗakin ajiyarsa na baya, a ƙasa yake, kuma ya fi kusa da asibiti. Na ce wa Lauya ta gaya wa lauyan Tela duk abin da na yi alkawari gaban mai sulhu yana nan. Ni ina gidan Yaya. Uwar yara ta kawo mini ruwan wanka da kanta.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe goma na safe

Kwana biyu ana ruwa. Gidan yana tsaye. Dogo ya ce da na yi shiru da ya kai shekara goma, na kashe kaina a banza. Wataƙila. Na yi barci jiya har Auta ta tashe ni.

An kawo mini takarda, zan bayyana gaban hukumar ranar tara ga watan gobe. Lauya ta ce Tela ma yana da damar kai ni ƙara. Na ce ya kai.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun bar mu mun sauke kayan sama ta taga da igiya, jiya. Yau katafila ta zo.

Ban yi niyyar zuwa ba, amma na je. Direban ya ɗora bakin ƙarfen a kusurwar baya, ya ɗan tura. Ban ma ji injin ya yi nishi ba. Bayan gidan ya zauna gaba ɗaya, ɗakinmu ya sauko cikin ɗakin Inna. Mutane suka yi salati. Direban ya leƙo ya ce wa injiniya, "Hajiya, ai ban fara ba."

Da ƙura ta lafa na ga Tela kusa da ni, tef ɗin awo a wuyansa. Ban san lokacin da ya zo ba. Na tambaye shi jikin Inna, ya ce da sauƙi, an yi mata wanki jiya.

Sai ya ce, "Maigida, abu ɗaya zan tambaye ka. Katakon nan, ranar da na zo duba ɗaki na gan shi, har na ce maka ya yi kyau. Tun yaushe ka sani?"

Lauya ta gargaɗe ni kada in amsa irin wannan tambayar sai tana wurin.

Na ce, "Tun kafin ka shigo. Lokacin kamar zare take. Don ita na buga katakon."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya kalli tarin ƙasar, inda gadon yake da.

"Ƙaramar a ɗakin nan aka haife ta," in ji shi.

Na ce na sani. Ni na kai su asibiti da safe.

Ya cire tef ɗin daga wuya, ya naɗe shi a yatsu, ya sa a aljihu. Ya ce zai gaya wa lauyansa abin da na faɗa. Na ce ya gaya masa, in an tambaye ni a kotu ma haka zan maimaita. Ya tsallaka titi ya tafi, ni kuma na tsaya har suka gama.